Gizo mai tafiyar ƙaguwa: yadda zaka gane irinshi, mace ce ko namiji, ya balaga ko da saura

Duk mai shiga gonar kuɓewa ko auduga ko wake da safe lokacin da fure ya buɗe, in dai shina leƙa cikin furen da kyau to wata rana sai ya ci karo da wani ɗan gizo-gizo fari fat ko ruwan ɗorawa, zaune tsakiyar fure ya ware ƙafafunshi na gaba ko motsi bai yi, babu yana babu saƙa kusa dashi. In ka kai yatsa zai matsa gefe ko shi ja da baya shi zagaya bayan furen, tafiyar tashi a kaikaice take irin ta ƙaguwa, daga nan sunan nashi ya fito. Masana na kiran danginsu Thomisidae, wani masani ɗan Suwidin mai suna Sundevall ne ya sa masu sunan a 1833, kuma yanzu an san iri sama da 2,000 a duniya, an kasa su gida-gida wajen 170. A rubutun ga in na ce dangi ina nufin su duka, in na ce gida ina nufin rukuni irin Thomisus ko Runcinia, in na ce iri to shi ne ɗaya tak cikin gidan.

Abin da nike son ka riƙe tun yanzu shine akwai tsari, kuma mafi yawan mutane daga ƙarshe suke farawa. Mutum ya ɗauki hoto, tambayar farko ita ce wane iri ne wannan, alhali wagga tambaya ita ya kamata ta zo ƙarshe. Ka fara tabbatar da cewa ɗan dangin ne, sannan ka duba ya balaga ko yaro ne, a nan ne kuma zaka gane mace ce ko namiji, sannan ka nemi gidansu, in Allah ya sa ka dace ka kai ga iri. Dalili kau mai sauƙi ne, abin da ake raba iri da iri dashi bai fitowa a jikin gizo sai ya balaga, kuma na mace daban na namiji daban.

Wajen nemansu ba sai ka yi nisa ba. Fadamar Argungu da ta Birnin Kebbi, lambunan Jega, bakin ruwa a Yauri, ko gonakin rani na Bakolori wajen Talata Mafara, duk inda fure yake nan abincinsu yake. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ka duba furen kuɓewa, riɗi, kabewa, rama, tafasa, da kan gamba da kyasuwa in sun fidda kai, da rani kuma sai lambu da tumfafiya da itacen bagaruwa. Wata dabara da ke aiki sosai, ka bar neman gizon ka nemi abincinshi. In ka ga zuma ko ƙuda ko malam-buɗe-littafi a bisa fure ya sandare, kai a ƙasa ko a karkace, ka matso bai tashi ba, to duba bayan wuyanshi, da wuya baka ga gizon riƙe dashi ba. Wani lokaci har ƙananan ƙudaje zaka gani sun taru a kan gawar suna lasar abin da ke zuba. Na cikin ciyawa da na bisa itace kuma ido bai cika kama su ba, sai ka shimfiɗa farin ƙyalle ko ka buɗe lema ka kifa ta ƙarƙashin reshe ka bubbuga reshen da sanda, duk abin da ke sama zai zubo, kada ka yi saurin kakkaɓewa don su in sun faɗo lamo suke yi na ɗan lokaci kafin su motsa.

Kayan aiki ba masu tsada bane. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko gyaran waya, wanda ke ƙara girma sau 10, ya wadatar da kusan duk abin da zan faɗa. Sai farar leda wadda ake ganin ciki, 'yar roba mai murfi, auduga, rula mai milimita, da wayarka. Ledar tana da muhimmanci ƙwarai don abin da kake son gani a ƙarƙashin cikin gizon yake, kuma ba zai kwanta rigingine don ka ba. Ka kaɗa shi cikin ledar, ka daidaita ta a hankali har shi kasa motsi amma kada ka danna, cikinsu taushi gare shi yanzu ya fashe, sai ka juya ledar ka duba ta ƙasa a wurin da ke da haske. In ka gama ka mayar dashi bisa shukar da ka ɗauko shi.

To tabbatar da dangi. Ƙafa takwas, jiki kashi biyu, wannan kowane gizo ne. Na dangin ga ƙafafu huɗu na gaba, biyu dama biyu hagu, sun fi huɗun baya tsawo da kauri nesa ba kusa ba, kuma a ware suke ta gefe, ta cikinsu akwai ƙayoyi jere da shike riƙe abinci dasu. Na bayan gajeru ne, aikinsu riƙe fure kawai. Ido takwas layi biyu, na gefe suna bisa ɗan tudu. Kuma ba mai gudu bane, zama shike yi shi jira. Wannan na ƙarshen zai raba ka da ruɗani mai yawa, don akwai wasu da ke kama dasu. Wanda kake gani a bangon ɗaki da dare, shimfiɗaɗɗe manne da bango, in ka kai takalmi kafin ka ƙifta ido ya ɓace, wannan ɗan dangin Selenopidae ne, idanu shida ne jere a layinshi na gaba. Ƙaton nan mai dogayen ƙafafu da ke fitowa bayan buhuna ko cikin rumbu ɗan Sparassidae ne. Waɗanda sunka fi ruɗa mutum sune Philodromidae, ƙanana ne suma kuma a bisa ganye da ɓawon itace suke, da can ma cikin Thomisidae anka sa su kafin a raba, amma ƙafafunsu kusan tsawo ɗaya ne, ta biyu ce ta ɗan fi, kaurinsu ɗaya, kuma gudu gare su. In ka ga ƙafafun baya sun kusa kai na gaba kuma ya zura da gudu, aje shi gefe ba namu bane.

Yanzu ga inda aikin yake. A gefen bakin kowane gizo akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu gajeru, in baka lura ba sai ka ƙirga ƙafa goma, ni hannayen baki nike ce masu. Ka sa gilashi ka dubi ƙarshensu. In siriri ne tun daga tushe har ƙarshe babu kumburi, to ko mace ce ko kuma yaro ne da bai nuna ba tukuna. In ƙarshen ya kumbura ya dunƙule kamar hannun ɗan dambe da anka naɗe da zare za'a shiga fage, to namiji ne ba shakka, mace bata taɓa yin haka. Amma kada ka tsaya nan, don kumburin iri biyu ne. Namijin da saura saɓa ɗaya ya balaga shima hannunshi a kumbure yake, sai dai sumul yake, launi ɗaya mai haske, babu tsaga babu ƙugiya babu komi a kai. Balagagge kau in ka leƙa ta ƙarƙashin dunƙulen zaka ga ya yi duhu, akwai wani faifai, akwai baƙin siririn abu da ya zagaye shi, kuma a gaɓar da ke bin dunƙulen akwai 'yan ƙahoni masu tauri da sunka fito ta gefe da ta ƙasa. Da waɗannan hannayen namiji ke barbara, shi fara saƙa wani ɗan ƙaramin gado na zare, shi zuba maniyyi a kai, shi tsotse da hannayen, sannan shi tafi neman mace. Shi yasa siffarsu ta bambanta daga iri zuwa iri, na kowane iri an yi shi daidai da jikin macen irinshi.

Mace kuma ta ƙasa ake duba ta. Juya ledar, ka dubi ciki daga wajen ƙugu inda ya haɗu da ƙirji. Zaka ga tabo biyu masu haske dama da hagu, murfin huhunta kenan, bayansu kaɗan akwai wani layi da ya gitta. A tsakiyar tabon biyu, dab da gaban layin, nan ne mace balagagga ke da wani ɗan tambari mai tauri, ja-ja ko ruwan ƙasa ko baƙi, masana na ce mashi efijin. In wurin sumul ne launinshi ɗaya da sauran ciki, bata balaga ba. In akwai ɗan alama dishi-dishi wadda bata da iyaka sosai, to saura saɓa ɗaya. Sai dai ka yi hattara da 'yan gidan Thomisus, nasu tambarin ƙarami ne kuma ba shi da duhu sosai, sai da haske mai kyau da haƙuri, saɓanin na gidan Xysticus da ke fitowa ɓaro-ɓaro. Haka wadda ta yi saɓa yanzu-yanzu, jikinta duk fari-fari ne da taushi, ka bata kwana ɗaya ko biyu tambarin shi yi duhu kafin ka yanke hukunci.

Kaga kenan hali biyar ne zaka iya samu, balagaggen namiji, balagaggiyar mace, namiji mai saura saɓa ɗaya, mace mai saura saɓa ɗaya, sai ƙaramin yaro wanda hannu siriri ciki sumul, shi wannan ba mai iya ce maka mace ce ko namiji da gilashin hannu, ka rubuta yaro kawai ka wuce. Kuma ka sani mafi yawan waɗanda zaka kama yara ne, musamman in ka bubbugi ciyawa, wannan ba gazawarka bace haka lissafin yake, ƙwai da yawa ake ƙyanƙyashewa kaɗan ke kai girma.

Girman ciki bai nuna komi, wannan in maimaita shi. Mutane na ganin ƙaton ciki su ce mace ce mai ƙwai, alhali yaron da ya sha zuma guda cikinshi zai cika tim, ita kuma macen da ta riga ta zuba ƙwai cikinta zai motse shi yi tamoji har ka ɗauka wani iri ne daban. In ka tarar da gizo zaune bisa wani farin ƙunshi na zare cikin ganyen da anka naɗe ko anka lanƙwasa, to uwa ce ke gadin ƙwai, ta balaga babu tambaya, kuma don Allah wannan kada ka sa ta a leda, hoto ya isa, sau da yawa ko abinci bata ci sosai a wannan zaman. In kana son awo, ka auna daga goshi zuwa ƙarshen ciki banda ƙafafu, ka kuma auna faɗin ƙirji daban don shi bai kumbura bai motsewa tsakanin saɓa da saɓa.

Bambancin girma tsakanin mace da namiji a wasu gidajen abin mamaki ne walla. A Thomisus mace na kai milimita 7 zuwa 10 ko fiye kaɗan, namiji kau 2 zuwa 4, launinshi ja-ja ko ruwan ƙasa, ƙafafun gaba masu duhu, in baka sani ba ba zaka taɓa cewa iri ɗaya ne da wagga fara ko ɗorawar ba. Namiji saɓarshi bata kai yawan ta mace ba shi yasa shike riga ta balaga kuma shi tsaya ƙarami. Saboda haka in ka ga babbar gizo da wani ɗan ja manne a bayan cikinta kada ka ce ɗanta ne ta goyo, dangin ga basu goyo, namiji ne, wani lokaci ma macen bata ƙarasa balaga ba shina zaune shina jiran ta yi saɓar ƙarshe. Irin wagga haɗuwa tana da daraja ƙwarai ga mai nazari, ka ɗauki hotonsu tare kafin ka taɓa komi, don ita ce shedar da ke nuna wanga namiji da wagga mace iri ɗaya ne. A gidan Xysticus bambancin bai kai haka ba, namiji ya fi ƙanƙanta da duhu dai, kuma shi an san shi da ɗaure ƙafafun mace da zare sako-sako kafin barbara, in an gama ita ke warware kanta.

Da zarar sun yi saɓar balaga shikenan ba su ƙara wata. Wannan na da amfani a sani don in yaro ya rasa ƙafa zata sake fitowa a saɓa ta gaba, 'yar siririya gajera mai haske, amma balagagge in ta tafi ta tafi. Kada gajeriyar ƙafa guda ta sa ka ce ka gano sabon abu.

In ka kama mai saura saɓa ɗaya kuma kana son sanin ko wane ne, kiwonshi zaka yi. Roba mai murfi da anka huhhuda da allura, ɗan reshe ko karan ciyawa a tsaye don shi samu abin ratayuwa lokacin saɓa, 'yar auduga mai laima a gefe, ƙuda ƙarami duk bayan kwana biyu ko uku. Kowane da robarshi, in ka haɗa biyu gobe ɗaya zaka tarar. Kuma inuwa, inuwa dai, zafin Kebbi na watan Afrilu da ke haura digiri 40 in ya sami roba a rana ko a ɗakin kwano rufe minti kaɗan ya gama dashi. In ka ga ya bar cin abinci ya lafe, saɓa ta kusa, fidda ƙudan da ke ciki ka ƙyale shi.

Sai gidaje. Anan ma siffa zaka bi ka bar launi, don matan Thomisus na iya sauya launi tsakanin fari da ɗorawa, wasu har ruwan hoda, gwargwadon furen da suke kai, ba nan take ba, kwanaki abin ke ɗauka. Fara a furen auduga da ɗorawa a furen kabewa zasu iya zama iri ɗaya, biyu farare a shuka ɗaya kuma su zama iri biyu. Abin da ke nuna Thomisus shine goshi, ka dube shi ta gaba zaka ga ƙaho biyu masu tsini dama da hagu, idanun gefe a jikinsu suke, sannan ciki siriri ta gaba mai faɗi ta baya da kusurwa biyu da sunka ɗan taso. A furannin gonakinmu in ka ga fari ko ɗorawa mai wagga siffa ka fara da Thomisus. Ina faɗin haka ne don in ka sa hoton a manhajar gane halittu ko ka bincika a intanet, sunan da zai yi ta fito maka shine Misumena vatia, don shi ne Turawa sunka fi ɗauka hoto, alhali shi na Turai ne da Arewacin Amurka da arewacin Asiya, cikinshi zagayayye ne kuma ba shi da waɗannan ƙahonin. Manhaja abin da ta fi gani take faɗi, hotunan ƙasarmu kuma kaɗan ne a cikinta.

Synema shi ƙyalli gare shi, jiki sumul, ciki zagayayye da baƙin zane a bisa ɗorawa ko ja ko fari-fari, shima a fure da ganye ake samunshi. Diaea ƙirji da ƙafafu kore ne, cikin kuma da wani launi daban. Heriaeus ba ka ɓata shi, gashi ne tsaye ko'ina a jikinshi dogaye, kuma ya fi son shuka mai gashi.

Na ciyawa su nafi so a dinga dubawa don kusan ba mai kula su, kuma mu ƙasar ciyawa ce. Runcinia launin busasshen kara gare shi, jiki a shimfiɗe, layuka na bin tsawon ciki, kuma a goshi akwai wani farin ƙirin da ya gitta tsakanin layin idanu biyu ya ƙare da ɗan tsini a kowane gefe, namijin ƙafafun gabanshi dogaye ne sosai da baƙin ɗauri wajen ƙarshe. Monaeses dogo ne siriri, cikinshi ya zarce wurin fidda zare ya zama 'yar wutsiya mai tamoji, shina kwanciya a tsawon kara shi miƙe ƙafafun gaba gaba ɗaya su bi karan, sai ka riƙe karan a hannu baka gan shi ba. Oxytate kore ne shar mai ɗan haske, ciki dogo siriri, a ƙarƙashin ganye shike lafewa. In ka koma bisa itace, bagaruwa da makamantanta, akwai Tmarus, toka-toka mai dabbare-dabbare, ƙarshen cikinshi ya taso sama ya yi ɗan tozo, shima miƙe ƙafafu shike yi a jikin reshe. A ƙasa kuma cikin busasshen ganye da gindin shuka sai Xysticus da 'yan uwanshi, ruwan ƙasa, gajeru kakkaura. Wurin da ka samu gizo rabin amsa ne, shi yasa kada ka kama ka manta a kan mi ka kama shi.

Daga gida zuwa iri, nan gilashin hannu ya tsaya. Gidan Thomisus kaɗai iri sama da 100 ne kuma da yawansu na Afirka ne, wasu a ido ba ka raba su. Abin da ake yi shine a sa balagagge ƙarƙashin maikuroskof a dubi hannun namiji ko tambarin mace a gwada da zanen da masana sunka wallafa, wani lokaci sai an yanko tambarin an dubi cikinshi. Wata masaniya 'yar Afirka ta Kudu, Ansie Dippenaar-Schoeman, ta yi aiki mai yawa kan gidajen Runcinia da Thomisus da Monaeses da Tmarus a shekarun 1980, kuma har yau duk mai nazarin na Afirka sai ya bi ta kan aikinta. Akwai kuma World Spider Catalog, kundin intanet da gidan adana tarihin halittu na Bern a Suwizalan ke kula dashi, kyauta ne, zaka ga sunan kowane iri da ƙasashen da anka same shi, a 2022 yawan irin gizo-gizo da ke ciki ya kai 50,000. Kafin ka liƙa ma gizonka suna ka shiga ka duba ko an taɓa samun irin a Afirka ta Yamma. In ka tsaya a gida sai ka rubuta Thomisus sp. (wato ɗan gidan Thomisus ne amma ba'a san irinshi ba), mace, balagagga, wannan cikakken bayani ne da kowane masani zai karɓa, ya fi sunan iri na ƙarya amfani sau dubu, don sunan ƙarya in ya shiga intanet wani zai kwafa wani ya kwafa daga gare shi.

Hoto kuma huɗu nike ba da shawara in zaka sa a iNaturalist, dandalin intanet na sa hotunan halittu a gano su, ko ka tura ma wani malami, ɗaya ta sama da rula a gefe, ɗaya ta gaba a ga goshi da idanu da hannayen baki, ɗaya ta ƙasa cikin leda, ɗaya kuma na shukar da kanta. Ka ɗora gilashin a bakin kyamarar waya ka matsa a hankali har ya fito, kada ka dogara da zum don ɓata hoton shike yi. Da safe kafin rana ta yi zafi sun fi natsuwa kuma hasken ya fi kyau.

Nasan wani zai ce to cizo fa. Dafinsu na ƙwari ne, haƙoransu ƙanana, ba su da haɗari ga mutum kuma ba su neman faɗa, duk da haka ba sai ka damƙa da hannu ba ga leda ga roba. Ƙurajen nan masu kama da ƙuna da mutane ke tashi dasu a wuya ko fuska a ce tautau ne ya yi fitsari, a yankunan shinkafa sau da yawa wani siririn ƙwaro ne baƙi da ja mai suna Paederus da ke biyo hasken fitila, in an murje shi a fata ruwanshi ke ƙonawa, gizon fure ba ruwanshi. Gaskiya ne suna cin zuma, bazan ɓoye ba, mai amya zai ji haushi in ya gani, amma suna cin ƙudaje da ƙananan tsutsotsi da ƙwarin da ke tsotsar wake da auduga, kuma abin da feshi ɗaya lokacin fure ke kashewa na zuma gizo-gizon gona duka ba su ci shi ba. Abin na damuna in na ga gonar da anka yi ma feshi kan feshi, ka duba fure ɗari babu gizo ko ɗaya, sati biyu kuma ƙwarin sun dawo sun tarar ba mai tare su.

Ga ɗalibai, na jami'ar Aliero ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Gusau, da ke neman abin yin furojet, in dole sai an adana samfuri to balagaggu kawai zaka ɗauka, namiji ɗaya mace ɗaya ko biyu daga kowane iri da kake zato, yara ka bar su ko ka yi kiwonsu. Ba'a busar da gizo ko a soke shi da allura yadda ake ma fara, cikin motsewa shike yi komi ya lalace, cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ake sa shi a kwalba mai rufuwa sosai. Launi na gushewa a ciki, koren Oxytate da ɗorawar Thomisus duk fari zasu koma, don haka hoton mai rai shi rigayi kwalba. Takardar bayani a cikin kwalbar ake sa ta tare da gizon ba a liƙa a waje ba, a rubuta gari da ƙaramar hukuma, kwanan wata, sunan shukar, fure ne ko ganye ko kara, da sunan wanda ya kama, kuma da fensir za'a rubuta don tawadar biro narkewa take yi a sifirit.